Malama Rahina da Ƙofar Baba Gado

Duk mai bin bayan tashar motar Kaura Namoda da hantsi ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Doguwa ce, ba jiki, da hijabi ruwan toka da jakar kwamfuta wadda igiyarta ta sha ɗinki har ta gaji. Ba ta sauri, ba ta kuma tsayawa hira, sai gaisuwa. Ta gaida mai ƙosai, ta gaida mai faci, ta ɗaga wa 'yan kamasho hannu daga nesa. Idan ta isa shagonta, kafin ta taɓa kwaɗo sai ta ɗauki wata sanda mai tsumma a kai ta goge farantin sola da ke bisa rumfa, domin ranar da farantin nan ya yi datti rabin aikin yini ya tafi. Sannan ta buɗe. Sannan ta yi abin da ke ba maƙwabta dariya har yau: ta tsaya a bakin ƙofa ta yi cikakkiyar sallama ga ɗakin da babu kowa a cikinsa sai kujerun roba da kwamfutoci, ta ɗan dakata kamar mai jiran amsa, kana ta sa ƙafa.

Wannan ita ce Malama Rahina, kuma a watan nan ne take miƙa shagon ga wata, bayan shekarun da suka haura goma sha tana zaune a gaban allon kwamfuta. Idanu sun ce sun gaji, likita ya goyi bayansu. Babu wanda zai buga mata ganga, ita ma ba za ta so ba. Amma akwai abin da ta yi a garin nan da bai kamata ya wuce a shiru ba.

Aikinta na fili kowa ya sani, koyar da kwamfuta. 'Yan kasuwa, matan aure, malaman makaranta da aka tilasta wa neman takardar shaida, duk sun zauna a kujerun robar nan ta kama musu yatsa. Sai dai aikin da ranta ya fi so wani ne daban, wanda mutane kaɗan suka gane kansa. Tana rubuta wa kwamfuta umarni, layi bayan layi, kwamfutar kuma ta bi umarnin ta zana abu mai tsawo da faɗi da zurfi, wanda za ka juya da yatsa a fuskar waya, ka leƙa bayansa, ka shiga cikinsa kamar kana tafiya da ƙafa. Ba da hannu take zanawa ba. Ita da bakinta take cewa ko kaza ba ta iya zanawa da fensir. Rubutawa take yi: bango ya tashi daga nan zuwa can, launinsa na jar ƙasa, rana ta hasko daga gabas, inuwa ta kwanta yamma. Ta danna, sai ga bango.

Magina ne suka fara gane amfaninta. Wani magini daga Banga ya kawo mata zanen gidan wani ɗan kasuwa, ta tayar da shi a waya tun ba a haƙa harsashi ba. Maigida ya juya, ya juya, ya ce ya yi. Uwargida ta karɓi wayar, ba ta jima ba ta ce a'a, bai yi ba, duk wanda ya zauna a zaure zai hango ta tana tuƙa tuwo. Aka matsar da ƙofar madafa da layi biyu na rubutu, ba a rushe ko tubali ɗaya ba. Wani malamin makaranta a Zurmi kuma har yanzu da zanenta na injin ban-ruwa yake nuna wa ɗalibai yadda ruwa ke shiga ya fita, don makarantar ba ta da injin da za a kwance.

Abin da ke sa zanen ya zama kamar mai rai, ya motsa idan an taɓa shi, wata dabara ce da masu sana'ar ke kira kolbak. Malama Rahina ba ta wahalar da ɗalibanta da sunan. Takan ce musu, "In kun tahi tasha za ku Shinkahi, mota ba ta cika ba, mi kuke yi? Ba tsayuwa kuke kuna ƙirga hwasinja ba. Lamba kuke bar ma ɗan kamasho, ku ce in ta cika a kira ni, ku tahi ku sha hura." Haka umarnin yake. Ka rubuta ɗan guntun aiki, amma ba kai za ka ce ya tashi ba. Miƙa shi za ka yi ga na'ura ka ce mata: idan yatsa ya taɓa nan, kira wannan, idan mai kallo ya iso wuri kaza, kira wancan. Daga nan sai jira. Ba ka san yaushe ba, ba ka san ma ko za a kira ba. Ɗalibai suka raɗa wa abin suna a-kira-ni, sunan ya bi shi.

Da a-kira-ni ta yi maganin wata matsala da ta addabi wayoyinmu. Masu manyan na'urori sukan bar zane ya yi ta sabunta kansa ba tsayawa, ko ana kallo ko ba a kallo. Wayar mai sayar da tumatir ba za ta ɗauki wannan ba, zafi za ta yi kamar dutsen guga, caji ya ƙare kafin azahar. Sai Malama ta sa zanenta ya zauna shiru, ba ya motsi, ba ya cin caji, sai an taɓa. Shi ya sa aikinta ke tafiya a wayar da gilashinta ya tsage gida uku. Ita ma haka halinta yake, ba ta cusa kai inda ba a kira ta ba.

To, ana nan wata damina sai ga Saliha.

Saliha mai man gyaɗa da ƙuli ce a kasuwar Kaura, mace mai fara'a wadda ba a raba ta da barkwanci. Ranar nan ta shigo ba fara'a. Ta zauna a kujera ta riƙe gefen mayafi. Can ta buɗe baki. Mahaifinta, Baba Gado, manomin gero da dawa ne a Tungar Namadi, wata 'yar ƙaramar tunga gaba da Galadi, wadda kakansa ya sara. Damina biyu baya, da la'asar, 'yan bindiga suka faɗa wa tungar. Mutane suka watse cikin gonaki, gero ya yi tsawo lokacin, shi ya rufa musu asiri. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai a gidan Baba Gado ba. Saliha ta kawo shi Kaura, mijinta ya ba shi ɗaki. Ci yana nan, sha yana nan, amma tsohon bai zauna ba. Yanzu ga shi ya gama magana da Muttaka, ɗan ƙanwarsa mai kabu-kabu, cewa ranar kasuwar Shinkafi ta sama zai goya shi a mashin su koma tungar. Hanyar kuwa kowa ya san yadda take.

Malama ta ce, "Hatsi za shi ɗebowa?"

Saliha ta girgiza kai. "Ya san sun kwashe. Bisashe ma ya san ba su nan. Malama, ƙohwa ta. Wai ƙohwar zaure yab baro buɗe."

Tun Baba Gado yana saurayi, shi ke rufe ƙofar zauren nan kowace yamma, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafin shi. Ranar gudu ya fita ta baya da jika a kafaɗa, ƙofa na hangame. Tun ranar abin ke cinsa. Ya ce duk lokacin da ya rufe ido ita yake gani, awaki na shiga, karnuka na shiga, kowa na shiga. An kawo liman ya yi masa nasiha, ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya ce shi dai zai je ya rufe ya dawo. Muttaka kuwa ba ya iya ce wa kawunsa a'a.

"An ce kina gina gida cikin waya," in ji Saliha. "Ki gina mashi nashi. Ko ya gani ya yi haƙuri. Malama, in yat tahi ba ni da tabbas ina ƙara ganinai."

Malama Rahina ba ta yi mata ɓoye-ɓoye ba. Ta gaya wa Saliha gaskiya, cewa zane ba gida ba ne, kuma ba ta yi alkawarin zai hana dattijo abin da ya ƙudurta ba. Amma ta ce a kawo shi.

Wannan ɓangaren ya yi daɗi, duk bayan tasha sun shaida. Baba Gado ya ƙi zama a kujerar roba, ya ce ba ya yarda da ita. A ƙasa ya zauna gaban shago, da kara a hannu, yana shata tungar a kan yashi: nan masallaci, nan rijiya, nan tsamiyar da ake ɗaure jakai, nan gidansa. Malama na durƙushe gefe da kwamfuta bisa gwiwa tana rubutu. Ya ce rumbunan uku ne, na tsakiya ya fi ƙiba. Ta gyara. Ya ce dangar yamma ta karkace tun shekarar ambaliya. Ta karkatar da ita. Mai faci ya bar taya ya zo kallo, 'yan kamasho suka riƙa ba da shawara a kan garin da ba su taɓa gani ba, tsoho yana korarsu da kara. Saliha ta ce rabon da ta ji mahaifinta ya yi magana mai tsawo haka tun suna gida.

Sai ranar nunawa ta zo, abin ya watse.

Malama ta saba da magina. Mai gini so yake ya ratsa ko'ina ya ga komai, don haka ba ta sa wa zanenta ƙyaure, ramin ƙofa kawai take bari, kuma idon mai kallo yana iya ratsa bango ya wuce kamar iska. Haka ta tayar da Tungar Namadi, bai ko zo mata a rai ba. Saliha ta riƙe wayar gaban mahaifinta tana ja da yatsa. Ga tsamiya. Ga rijiya. Tsoho ya matso, bakinsa na motsi. Ga zaurensa, baki hangame. Yatsan Saliha ya zame, sai kallon ya tashi sama, ya haura katanga, ya dira tsakar gida, daidai ƙofar ɗakin marigayiya mahaifiyarta.

Baba Gado ya miƙe tsaye. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi.

"Wa yab ba ku izni?" ya ce wa Malama. "Ɗiyata, haka sunka shigo muna. Ta bisa katanga, ba sallama. Shi kinka kira ni in ƙara gani?"

Ya karkaɗe rigarsa, ya ce wa Saliha ta gaya wa Muttaka ya sha mai, sannan ya juya ya kama hanya. Saliha ta bi shi tana kuka.

Malama ta zauna ita kaɗai da wayar a hannu, kunya ta rufe ta, baƙin ciki ya fi kunyar yawa. Ta yi niyyar sanyaya wa dattijo rai, ga shi ta fama masa ciwo. Kasuwar Shinkafi kuma saura 'yan kwanaki. Ta daɗe tana duban zauren nan mai buɗaɗɗen baki. Duk shekarun da ta yi tana koyar da a-kira-ni, don abu ya motsa take rubuta shi: a taɓa ya juya, a taɓa ya buɗe, a taɓa ya matso. Ba ta taɓa rubuta wanda zai tsayar da mutum ba. Ita da aka haifa a gidan da ko ƙanen maigida ba ya wuce zaure sai an amsa masa, ta gina gari guda babu inda ake tsayawa.

Ta sallami ɗaliban yamma, ta jawo kujera. Ta fara da ƙyaure: kwano a kan katako, da tsatsa daga ƙasa, kamar yadda tsohon ya taɓa kwatantawa yana wasa da kara. Sannan ta rubuta a-kira-ni na farko, cewa duk lokacin da mai kallo ya iso katanga ko ƙofa, a kira umarnin da zai tsayar da shi cak, ba ratsawa, ba haurawa. Na biyu, idan yana tsaye a ƙofa aka ji murya, a kira amsar maigida, sai amsar ta ƙare sannan ƙyaure ya buɗe. Ta ƙara wani, wanda shi ne dalilin komai: idan yatsa ya taɓa ƙyauren daga ciki, ya rufu. Ta fita da waya ta roƙi mai faci ya ja mata ƙofar shagonsa ta ɗauki ƙarar. Ya ja, ya sake ja, yana tambayar ko a fim za a sa shi.

Saura amsar maigida, kuma maigida ya rantse ba zai sake taka shagon ba.

Da safe ta ɗauki jakarta ta nufi gidan mijin Saliha. Ba ta aika a yi mata iso ba. Ta tsaya a bakin zaure inda ta san tsohon na zaune, ta yi sallama. Shiru. Ta sake. Fushi fushi ne, amma sallama ba a barinta a ƙasa. Daga ciki murya ta fito, a daƙile: "Wa alaikumus salamu. Wa na? Shigo."

Ta shiga ta durƙusa. "Baba, na yi kuskure, ka yahe mani. Ba gardama naz zo yi ba. Wagga amsa da kay yi yanzu, ita naz zo roƙo."

Ta yi masa bayani a hankali, cewa yanzu akwai ƙyaure, kuma babu mai buɗe shi sai muryarsa. In bai ba da ita ba, gidan zai zauna a rufe, ko ita da ta gina shi ba za ta shiga ba. Tsohon ya dube ta, ya dubi wayar. Ya yi gyaran murya, ya gyara zaman hularsa kamar wanda za a ɗauka hoto, ya amsa sallamar da babu wanda ya yi, wannan karon da muryar da yake tarbar baƙi da ita a gida. Ya ce ba don zanen ba, don ta zo ta ƙofa ne.

Ana gobe kasuwar Shinkafi suka sake haɗuwa, a zauren nan dai. Malama ta miƙa masa wayar a hannunsa. Saliha ta nuna masa yadda ake ja. Ya wuce tsamiya, ya wuce rijiya, ya iso zaurensa, tafiya ta tsaya. Ya gwada ta gefen katanga, ta ƙi. Ya koma ƙofa, ya kai wayar kusa da baki ya yi sallama.

Sai muryoyi suka amsa, ba ɗaya ba, ba biyu ba, Gado a kan Gado a kan Gado, kowane na hawa kan ɗan'uwansa kamar taron suna. Cikin gaggawa Malama ta saka a-kira-nin a cikin sashen da ke sake zana gidan, don haka duk juyin da aka yi sai an ƙara wani mai jiran kira. Ta dafe kai, ta ce shi ke nan, ta sake ɓatawa. Sai ta ji wani sauti da ba ta taɓa ji ba. Baba Gado ne ke dariya, har da buga cinya.

"Ɗiyata, Gado nawa kinka zuba ciki? Ɗaya ma mutanen gida ba su iya da shi!"

Ta karɓa ta fitar da layin daga inda ya shiga, ta aje shi inda sau ɗaya tak za a karanta shi. Tana gyara ya tambaye ta ko na'urar ta san abin da mutum ya faɗa a ƙofar. Da wata ce da ta ce e, don a wuce wurin. Malama ta ce a'a, Baba, murya kawai take ji, ko tari aka yi za ta buɗe. Ya yi nazari, ya ce, "To. Wanda yay yi ma ƙohwa ƙarya, shi da Allah."

Ya sake sallama. Murya ɗaya ta amsa, tasa. Ƙyaure ya ja, ya shiga gidansa ta zaure. Ya tsaya gaban rumbun tsakiya. Ya je ƙofar ɗakin marigayiya, bai shiga ba, ya daɗe a nan. Saliha ta juya fuska bango. Daga baya ya dawo zaure da kansa, ya juyo ya fuskanci ƙofar daga ciki, hasken waje na shigowa ta cikinta. Ya ɗora yatsa.

Babu abin da ya faru. Ya sake dannawa, shiru. Yatsan da ya shekara sittin yana riƙe da kwashe da hauya ya yi kanta ya bushe, tun ɗazu ma da ƙyar yake ja, yanzu kuwa gilashin waya bai san an taɓa shi ba. Saliha ta yunƙura za ta danna masa, Malama ta riƙe mata hannu. Ta jawo butar alwalarsa ta ce ya ɗan jiƙa yatsan. Ya jiƙa, ya goge kaɗan a riga, ya ce bismillahi, ya taɓa.

Ƙyauren ya tafi a hankali da kukan kwano a kan ƙasa, hasken ya tsuke, ya ɗauke.

Tsohon ya zauna da wayar a cinya. Can ya ce kukan ba daidai yake ba, tasa ta fi wannan kauri. Sannan ya ce, "Na san ba ita ta ba. Ni ba yaro na ba. Amma hannuna ya huta."

Ana haka sai ga ƙarar mashin a waje. Muttaka ya yi sallama ya leƙo, fuskarsa duk damuwa, don shi ma ba son tafiyar yake ba. "Kawu, na sha mai. Gobe da wane lokaci za mu kama hanya?"

Baba Gado bai ɗago ba. "Tahi ka yi lodinka, Muttaka. Na ruhe."

Allah kaɗai ya san abin da zai faru da sun tafi, ba za a ƙirƙiro abin da bai auku ba. Abin da aka sani shi ne hanyar ba ta gyaru ba har yau, kuma Baba Gado yana nan Kaura da ransa, yana faɗa da jikoki a kan sun taka masa tabarma.

Labari ya bazu. Mutanen Tungar Namadi da suka watsu a Shinkafi da Zurmi da nan Kaura suka fara aiko da amsar sallamarsu ta waya, wasu suka zo da kansu suka shata gidajensu a yashin gaban shago. Gida bayan gida ƙofofi suka samu masu amsawa. Akwai gidaje biyu da har yanzu ba a ji ɗuriyar mutanensu ba. An ba ta shawara ta sa muryar wani kawai don a riƙa shiga, ta ƙi. Ta bar a-kira-ninsu a rubuce, yana jira, ƙofofin kuma a rufe. Ta yi wa Salima, tsohuwar ɗalibarta da ke karɓar shagon, wasiyya cewa kada ta goge layukan nan ko da wuri ya ƙure.

Malama Rahina, ke ce wadda aka kawo wa kuka ba ki ce wannan ba aikina ba ne. Ke ce kika yi kuskure gaban dattijo, ba ki fake da cewa tsoho bai san na'ura ba, kika ɗauki jaka kika je kika tsaya a ƙofarsa. Da kin so, da kin tafi birni tuntuni inda ake rububin masu irin hannunki. Kika zauna a bayan tasha, cikin ƙarar janareto da ihun 'yan kamasho, kina goge farantin sola da sanda. Rahina ta Kaura, mai jiran a amsa. Mun gani, kuma mun gode. Allah ya ba idanunki lafiya, ya saka miki da alheri, ya buɗe miki ƙofar da ta fi kowace.

Ku kuma matasan da ke koyon sana'ar nan, a Kaura ko Gusau ko duk inda kuke, ku je ku zauna da ita tun tana iya duba muku layi. Za ta koya muku yadda ake sa zane ya juya, wannan mai sauƙi ne. Ku roƙe ta ta koya muku ɗayan: ku tambayi mai gida yadda ake shiga gidansa kafin ku zana masa shi, kuma in kun ɓata ku koma ku gyara da ƙafarku.

Ranar da aka yi ɗan zaman miƙa shago, da zoɓo da ƙulin Saliha, an ce kowa ya faɗi wani abu. Saliha, mai barkwancin nan, ta miƙe. Da ƙyar ta ce, "Malama, babana na nan gida." Ta zauna.

Yana nan kuwa. Kowace safiya sai ya karɓi wayar Saliha kafin ta tafi kasuwa, ya yi sallama, ya ji an amsa, ya leƙa rumbuna. Kowace yamma kafin kiran magariba, duk inda take sai ta dawo, don ta san yana zaune a zaure da buta a gefensa yana jiranta. Jiya ma ya jiƙa yatsa, ya ce bismillahi, ya rufe.